Abincin Ranar Tsere

Kuku ya yi shekaru masu yawa yana girki a wani otal, sai da ƙafafunsa suka fara kumbura saboda tsayuwa sannan ya ajiye aikin. Sunan dai ya biyo shi gida, a layinsu ba wanda ya san shi da wani. Matarsa ta rasu, manyan 'ya'yansa sun yi aure sun watse, saura shi da Auta a wani gida mai ɗakuna biyu a saman shagon mai gyaran firji. Shi ke girkin gidan, kuma bai taɓa ɗaukar hakan wani abu ba. Wanda ya saba ciyar da ɗaki cike da baƙi, tukunyar mutum biyu wasa ce a wurinsa.

Auta tana aiki a kantin magani, tana kuma gudu. Tun tana makaranta take yi, gudun dogon zango, irin wanda ake zagaya fili har mai kallo ya gaji ya koma hira. Kuku bai hana ta ba, bai kuma taɓa zuwa kallo ba. Abin da ya sani shi ne, tunda ta shiga ƙungiyar wata mai horar da masu gudu da suke kira Koci, cin abincin gidan ya rikice.

Da can, tana tasowa daga aiki da la'asar za ta tarar ya sauke tukunya, su zauna su ci tare a ɗan teburin da ke bakin taga. Yanzu sai ta shigo ta gaishe shi, ta canza kaya, ta tsaya a ƙofar kicin ta ci ayaba da yankan burodi, ta kurɓi ruwa, ta sunkuya tana ɗaure takalmi.

"Ga abinci da zafinsa," in ji shi.

"Baba, sai na dawo. Koci ta ce kada mu cika ciki in za mu fita fili."

"Ita Kocin nan taku, a gidansu ba a girki ne?"

Sai ta yi dariya ta sauka da gudu, yana jin ƙarar takunta a matattakala. In ta dawo bayan magariba shinkafa ta sandare, miya ta yi fata a sama. Takan ɗumama ta cinye tas, har ta kankare gindin tukunya. Amma Kuku ba ya lissafa abincin da aka ɗumama a cikin girkinsa. A otal, abin da ya huce ma'aikata ake tura wa.

Ƙanwarsa, wadda Auta ke kira Gwaggo, takan leƙo su ƙarshen mako, kuma ba ta zuwa da bakinta a rufe.

"Yaya, dubi wuyan yarinyar nan fa. Kai da ka yi rabin rayuwarka kana ƙosar da baƙi, taka 'yar ce ke yawo kamar tsinken tsintsiya? In iska ta taso sai an riƙe ta."

Ya ce mata ta sha shayinta. Amma maganar ta zauna masa.

Ana haka aka sa ranar wata gasa, wadda a cikinta za a zaɓi waɗanda za su wuce babbar gasa ta gaba. Da hantsi za a yi. Auta ta gaya masa tun da yamma cewa za ta tashi da wuri ta sha shayi da burodi da zuma, ya isa. Ya ce to.

Da asuba ya riga ta tashi. Ya ɗora shinkafa, ya soya nama, ya soya dankali, ya fasa ƙwai a cikin man da ya rage. Irin wannan girki ba ya gaggawa, kafin ya gama rana ta fito sosai. Auta ta riga ta sha shayinta tun tuni, tana ɗaki tana haɗa jaka. Ya ciro farantan tangaran na mahaifiyarta, waɗanda ba a taɓawa sai an yi baƙi, ya jera a tebur, ya kira ta.

Ta tsaya tana kallon teburin da jaka a kafaɗa.

"Baba, lokaci ya ƙure. Yanzu in na ci wannan…"

"Za ki zagaya fili har sau nawa a kan ruwan shayi? Zauna."

"Ai na ci burodi."

"Burodi abinci ne? Tun asuba nake tsaye."

Ta dubi ƙafafunsa, sun cika silifas sun tumbatsa. Ta ajiye jakar ta zauna. Ta ci kusan rabi ta ture farantin, ya ƙara mata nama ya turo shi. Ta cinye.

A ranar ya fara zuwa kallo, shi da Gwaggo, suka sami wuri a benci na sama inda rumfa ta kare rana. Aka harba bindigar fara tsere. Zagayen farko Auta tana cikin na gaba, tana tafiya a miƙe, ƙafafunta kamar ba sa taɓa ƙasa. Gwaggo ta miƙe tana ihu tana gaya wa na kusa da ita cewa 'yar yayanta ce. Can sai Kuku ya ga Auta ta dafe gefen cikinta. Ta sake, ta ƙara dafewa. Ɗaya ta wuce ta, wata ta wuce ta, sai ga su duka sun bar ta a baya. A kwanar da ke nesa da su ta fita daga layi, ta durƙusa a kan ciyawa ta yi ta amai.

"Baki ne," in ji Gwaggo. "Wallahi baki ne ya kama ta. Ka ga yadda mutane ke nuna ta?"

Idon Kuku na kan fili. Yana kallon wata gajeriyar mata da usur a wuya, Kocin ke nan, ta tsallaka filin tana ɗingishi, ta tsaya a kan Auta tana magana tana kaɗa hannu. Auta ba ta ɗago ba.

A tasi Gwaggo ce kaɗai ta yi magana har suka iso. Auta ta yi wanka ta kwanta. Ba ta ce masa komai a kan abincin ba, ranar ko bayanta. Daga baya ne ya ji daga bakin wata abokiyar gudunta da ta zo duba ta, cewa Koci ta yi mata faɗa a gaban kowa, ta tambaye ta wa ya ba ta wannan abinci, ita kuwa ta ce ita ce ta ga dama ta ci.

Kwanakin da suka biyo baya ya riƙa girki yana rufewa, ba ya cewa ga abinci. Ita ma takan ci ayabarta ta fita ba dariya. Wata la'asar, bayan ta sauka, ya sa hula ya bi bayanta a bas.

Filin atisayen nasu na wata makaranta ne, ciyawar ta ƙone a tsakiya, akwai wata babbar bishiya a gefe inda suke zube jakunkuna. Ya jira har Koci ta sallami 'yan matan su fara zagaye, sannan ya matsa ya yi sallama.

"Ni ne mahaifin Auta. Ni na ba ta abincin."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Na sani, Baba. Yarinyar da ke jin magana irin tata ba za ta soya wa kanta nama da safiyar tsere ba."

Ya ce ta yi masa bayani, shi girki ya sani, bai san gudu ba. Ta yi masa a tsaye, idonta na kan masu gudu. Ta ce abinci mai nauyi, musamman mai maiƙo, yana daɗewa a ciki bai sauka ba, in mutum ya hau gudu a kansa ciki da ƙafafu sai su yi ta rigima, kuma ciki ke yin nasara. Babban abinci a ci shi tun da sauran lokaci mai tsawo. In an kusa fita, ɗan abu mara nauyi ya isa.

"Amma ba nan matsalata take ba," ta ce. "Bayan sun gama ne. Lokacin jiki ke neman abinci na gaske, lokacin kuma suke hawa bas su tsallaka gari. Wasu su sayi lemon kwalba da biskit a hanya, wasu su isa gida su faɗi barci ba su ci komai ba. Gobe su zo mini kamar jiƙaƙƙen tsumma."

"Wane irin abinci?"

"Shinkafa, wake, ƙwai dafaffe, kifi in an samu. Ba mai."

"Ko ɗigo?"

"Ko ɗigo."

"Wannan ai horo ne, ba abinci ba. Marar lafiya ma ana ɗan sa masa."

Suka yi ta ja, ita tana hura usur a tsakanin magana, har ta yarda da cokali ɗaya na mai a tukunya, shi kuma a ransa ya ƙudura biyu.

Washegari ya zo da kula a cikin jakar kasuwa, ya zauna a gindin bishiyar. Da aka tashi, Auta ta ƙaraso tana haki, kunya ta kama ta.

"Baba, me ka zo yi nan?"

"Ki huta tukuna, numfashinki ya dawo. Sannan ki ci."

Ta zauna ta ci, da zafinsa. Sauran 'yan matan suna canza takalma suna satar kallo. Kuku ya san irin wannan kallo, ya sha ganinsa ta tagar kicin. Ya miƙa wa ta kusa da shi murfin kular da ɗan abinci a kai. Kashegari kula biyu ya kawo da cokula. Ba a jima ba iyayen wasu suka fara aiko da shinkafa da ƙwai, mai gyaran firji kuma ya riƙa rage masa hanya a bayan motarsa in yana da aiki ta wajen. Gwaggo ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya bar otal mai fanka ya buɗe na gindin bishiya ba.

Waɗanda aka zaɓa sun tafi babbar gasa sun dawo, ɗaya da lambar yabo. Auta ba ta cikinsu, sai wata shekarar in an sake zaɓe. Bayan damina aka yi wata ƙaramar gasa ta ƙungiyoyin gari, ta shiga, ta gama lafiya, ta zo ta huɗu. A hanyar gida ta ce masa mai kantin yana so ya mayar da ita aikin yamma, kuma ba ta san yadda za ta yi da atisaye ba. Ya ce ta yi magana da Koci tukuna kafin ta ba mai kantin amsa. Suka sauka a tashar kasuwa, domin wake ya ƙare, ita ta riƙe kulolin shi ya shiga ciki.