Kayan Feshin Barau

Yusha'u ne ya kama ƙafafu, direba ya kama kafaɗu, suka sauko da Barau daga motar da ta dawo da shi daga asibiti. Turai, matar Barau, tana gaba tana ɗaga labule.

"A hankali, Malam Yusha'u," ta ce, "bayan nan nasa duk ya saɓule."

Suka kwantar da shi ta gefe a kan katifa. Likita dai ya faɗa musu gaskiya, maganin ciyawa ya riga ya ci huhu, sai a koma gida a yi ta addu'a. To, ku ji halin ɗan Adam. Yusha'u yana miƙewa, idonsa bai sauka ko'ina ba sai kan ƙusar bango. Ga su nan a rataye: farar riga haɗe da wando, tabarau, takunkumi, safar hannu ta roba, a ƙasa kuma takalmin ruwa baƙi wuluk. Ya kau da kai, ya yi istigfari, ya sake dubawa.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, a wani ƙauye kan hanyar Ƙaraye zuwa Rogo. Shekara goma sha ɗaya suna goya famfon feshi suna bin gonakin mutane, kuma kowa ya san Yusha'u ne ya koya wa Barau aikin. Sai ga shi bana, farkon damina, malamin gona ya zo da kayan kariya daga wata ƙungiya, mutum ɗaya a kowace mazaɓa. Ranar kuwa Yusha'u ya tafi Rogo sunan jikar yayarsa. Kafin ya dawo da ɗan ƙunshin goronsa, an ba Barau, har an ɗauke shi hoto da dagaci.

Abin ya tsaya wa Yusha'u a wuya kamar ƙashin kifi. Da safe in ya ji ƙarar takalmin nan, ƙwas, ƙwas, a bayan katanga, sai kunu ya fita ransa. Masu gonaki kuma suka fara cewa a kira musu "mai kayan nan", sai ka ce kaya ne ke feshi.

Wata safiya Barau ya biyo ta gaban mai shayi, fari fat, ido cikin tabarau. Yusha'u ya ajiye kofi ya ce, "Jama'a, ku matsa, ga Likitan Korona. Likita, wa za a killace yau?"

Aka yi dariya har mai shayi ya zubar da madara. Suna in ya yi daɗin faɗi ba ya faɗuwa ƙasa. Kafin Juma'a mata suna toshe hanci da mayafi in ya wuce. Barau mutum ne mai kunya. Ya daure mako uku, sannan ya wanke kayan ya rataye, ya koma singiletinsa. Famfo yana yoyo a gadon bayansa, bakin famfon in ya toshe ya sa baki ya hure, yadda aka koya masa. Ran nan a gonarsa ta rafi ya hura, abu ya dawo masa cikin maƙogwaro.

Tun da aka dawo da shi Yusha'u ke neman wuri ya roƙi gafara, ya rasa. Masu dubiya ba sa yankewa. Daga Daura ta nan Ƙaraye aka zo, daga Yola ta nan kusa aka zo, malamin gona ma ya zo kan babur da lemo cikin leda. Yusha'u yana rakuɓe a bakin ƙofa yana ce wa ransa, da ni ne kwance, wa zai zo da ko rake? Sai ya tuna abin da ya kawo shi, ya sunkuyar da kai.

Rana ta uku bayan azahar ɗakin ya sarara. Turai ta fita dama koko. Yusha'u ya matso ya durƙusa.

"Barau."

"Na'am." Muryar kamar ana jan buhu a ƙasa.

"Sunan nan, ni na sa maka."

"Ina wurin ai. Wa ke da bakin nan in ba kai ba?"

"Ka yafe mini."

Barau ya yi tari mai tsawo. Da ya lafa, ya ɗaga ido zuwa ƙusa, ya dawo da shi kan maƙwabcinsa.

"Kwana uku kana zaune nan, sau nawa ka dube ni, sau nawa ka dube su?"

Yusha'u ya duƙar da kai, Barau ya ci gaba.

"Takalmin lamba arba'in ne, zai matse ka. Tun ranar farko na duba, na so mu riƙa karɓa-karɓa. Sai ka riga ni magana." Ya huta. "Gonar rafi, rabi na yi. Ciyawa za ta cinye wa Turai masara. Ka ƙarasa mini. Da kayan."

"Zan yi, in Allah ya yarda."

"Ba ta bayan gari ba. Ta gaban mai shayi." Leɓunansa da suka kumbura suka ɗan motsa, ba ka ce murmushi ba ne, ba ka ce ciwo ba. "In ka yi, na yafe."

Turai ta shigo da kwano, ta dubi mijinta. "Malam, me kake ta faɗa? Likita ya ce ka daina wahalar da ƙirji."

"Sallama muke da mutumina," in ji shi.

Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Yusha'u yana cikin masu wanka, yana cikin masu ɗaukar makara. A wurin salla, Allah ya shirye shi, sai da ya waiga ya ƙirga sahu. Tara. Ya ce a ransa ko dagacin da ya rasu bara bai samu tara ba.

Bayan sadakar uku Turai ta miƙo kayan ta kan katanga, a naɗe cikin tsohon zane. Ba ta gaishe shi ba.

"Ya ce a ba ka. Ni da sona ne, da na ƙone su."

Yusha'u ya sa su a zaure. Rigar ta yi masa ɗangale, takalmin ya kama yatsu kamar tarko, tabarau ya yi hazo tun bai fita ba. Ya goya famfo ya kama hanya. Teburin mai shayi cike yake, kowa da ya yi dariya ranar nan yana nan. Hira ta tsaya. Yusha'u ya so wani ya yi ko tari, ya so a kira shi da sunan, a yi dariyar a huta. Mai shayi ya ci gaba da juya cokali a kofin da ya riga ya juya. Yusha'u ya yi sallama ta cikin takunkumi, aka amsa ƙasa-ƙasa, ya wuce yana ɗingishi.

A gonar rafi bai sha wahalar gane inda zai fara ba. Daga bakin hanya har tsakiya ciyawa ta ƙone, ta yi ja, ta kwanta. A kunya ta goma sha huɗu jan ya tsaya, ko ƙarshenta bai kai ba, daga nan kore shar har bakin ruwa. Yusha'u ya taka zuwa wurin, ya daidaita ƙafafunsa a kan iyakar, ya daɗe a tsaye, iska tana kaɗa ganyen masara a jikin farar rigar.