Wayar Ofis a Gidan Surukai

Ranar da aka sa dokar kulle ta korona, Abdulrauf ya raba ofishinsa gida-gida. Ɗaki biyu ne dama, a bayan wani injin shinkafa a Kura. Aikin bai da yawa: manoma su shuka tumatir, shi ya nemo mai saye da mota, sannan ya sanar da su ranar tsinka. Ba mai taɓa gonarsa sai an faɗa, domin tumatirin da ya bar jikin uwarsa ba ya jiran kowa.

Kwamfuta ta tafi gidan akawu. Wayar ofis kuma, wadda ke riƙe da zauren WhatsApp na manoman, ta bi sakatariyarsa Ummukulsum zuwa gidan mijinta a Bunkure.

"Sharaɗi ɗaya ne, Malama. Kada kowa ya taɓa ta. Ko wane ne."

"To, Yallaɓai."

A ƙasar waje inda ya yi karatu, idan mutum ya ce to, magana ta ƙare. Ya kulle ofis ya tafi gida.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa titi, ya dawo. Direban da zai kwashi tumatirin ƙarshe na bana yana maƙale a wani shingen jami'an tsaro a hanyar kudu, kuma ya ce ko an sake shi sai mako mai zuwa. Abdulrauf ya riga ya sa an faɗa wa manoma su dakata.

Bayan azahar ranar Talata ya ɗauki wayarsa, ya ga an fitar da shi daga zauren manoma. Lambar ofis ce ta fitar da shi.

Kafin ya kira, Ummukulsum ta kira.

"Yallaɓai, WhatsApp ɗin ya fita daga wayar. Ya ƙi komawa."

"Wa kika ba lambobin sirri?"

"Ban ba kowa ba."

"Wa ya riƙe wayar?"

Ta bayanta yana jin yara suna karatu da ƙarfi.

"Malama, tambayarki nake."

"Baba Malam ne ya ara da safe," ta ce ƙasa-ƙasa. "Tasa ba caji. Wai wani ya kira ya ce daga ofishin tallafin abinci ne, a karanto masa lambar da ta shigo."

"Na ce miki ko wane ne."

"Uban mijina ne fa, Yallaɓai. Ya aiko a karɓa. In ce me?"

Ta ci gaba da sauri: wata maƙwabciya ta nuna mata abin da aka rubuta a zauren da sunan kamfani. Wai mota ta iso, kowa ya tsinke yau da yamma, ya tura kuɗin dako a wata sabuwar lambar banki. An kuma rufe zauren, ba mai iya rubutu sai mai lambar ofis.

Kuɗin dakon bai tsorata shi ba. Manoman Kura ba su cika sakin kuɗi kafin su ga mota ba. Amma tsinka za su yi. Sun gaji da jira, tumatir ya yi ja. Da rana ta yi sanyi za su shiga, kuma babu mota.

"Ki fara kiran su ɗaya-ɗaya."

"Na fara. Rabin wayoyinsu a kashe. Wasu suna wurin mai caji. Wanda na samu ya ce ai ya gani a rubuce."

Ya ja babur. A shingen farko ya nuna katin masu safarar abinci, aka juya katin gaba da baya, aka tambaye shi takunkumin fuska, aka sake shi. Ya sauka daga kwalta ya bi gefen kanal ɗin ban ruwa. Ruwa ya ja baya, amma gonaki jawur suke. A gonar farko ya tarar da mutum yana jera kwanduna.

"Kada ka tsinka! Ba mu ba ne muka rubuta. Faɗa wa na kusa da kai!"

Ya wuce. Ya faɗa a gona ta biyu, ya faɗa a ta uku. Ya tsaya a kan kwalbati ya hanga: gonaki har inda ido ya ƙare, ga mutane suna fitowa daga ƙauyuka da kwanduna a ka. Babur ɗaya ba zai riga su ba.

Ya juya ya nufi Bunkure.

Malam Sammani, surukin Ummukulsum, yana zaune a zauren gidansa kan buzu, jikokinsa na karatu a gefe tun da an rufe Islamiyya. Abdulrauf ya cire takalmi ya durƙusa. Gaisuwa ta yi tsawo. Ya aiki, ya iyali, ya wannan annoba, ya mahaifiyarka. Yana amsawa yana kallon inuwar katanga tana ƙara faɗi.

"Allah gafarta Malam, ɓarayi ne suka shiga lambar ofis. Sun ce wa mutane su tsinke tumatir, alhali babu mota."

"Subhanallahi. Ta ina suka shiga?"

Abdulrauf ya ji motsi a bayan labulen cikin gida. Ya san wadda ke tsaye a wurin.

"Suna kiran mutane ne su yaudare su," ya ce. "Kowa ma suna iya kira."

Tsohon ya dube shi, ya dubi labulen. Ya ɗan jima yana jan carbi.

"Me kake so a yi?"

"Lasifikar masallaci. Da kuma limaman ƙauyukan nan, in Malam zai kira su. Ni ba za su saurare ni ba."

"Ai ba su san ka ba. Ka daɗe a waje." Ya miƙa hannu. "Kawo taka wayar. Tawa ba caji."

Abdulrauf ya miƙa masa da hannu biyu, a buɗe, da duk abin da ke cikinta. Sai da ta bar hannunsa ya lura shi ma bai iya cewa a'a ba.

Kafin la'asar muryar Malam Sammani ta fita ta lasifika, ba ado: mutanen Abdulrauf, kada wanda ya tsinka, saƙon ƙarya ne. Can wani masallaci ya ɗauka, can wani. Abdulrauf ya koma kan kwalbati yana kallo. Kwanduna suka tsaya a kan hanya, suka taru wuri guda, suka fara komawa.

Ban da gonar wani dattijo, Uba. Tana can ƙarshen kanal, inda lasifika ba ta kaiwa, kuma Uba bai taɓa jiran rana ta yi sanyi ba. Ya riga ya cika kwanduna, an jera su a inuwar darbejiya, an rufe da ciyawa.

"Ɗan boko, ina motar?"

"Babu mota, Baba Uba."

Ya yi masa bayani. Uba ya saurara har ƙarshe, ya tofar da tsinken da ke bakinsa.

"Na dai yi mamaki da ba muryar yarinyar nan ta ofishinku ba ce. Amma ɗana ya ce ga hoton kamfani." Ya ɗaga ciyawar ya duba. "Jibi ruwa zai zama."

"A yanka a shanya. Ni zan sayi kauɗar."

"A farashin ɗanye?"

"A'a."

"Haka na zata." Ya ɗauko wuƙa daga cikin kwando ya miƙa masa. "To zauna. Kai ma kana da hannu."

Ya zauna. Suka yi ta yanka har aka kira magariba, ruwan tumatir na bin gwiwar hannunsa.

Washegari ya sayi sabon layi, ya sa wa WhatsApp ɗin makulli a kan makulli, ya ce daga yau ba tsinka sai an ji muryar Ummukulsum. Ya kuma nemi mai shagon waya a gida, ya sayi ƙananan wayoyi masu tocila, ɗaya ga kowane ma'aikaci.

"Wannan ta aro ce," ya ce wa Ummukulsum a ƙofar gidansu. "Duk wanda ya aiko, ita za ki bayar. Ta ofis kuma ta kwana a akwati."

Ta juya ƙaramar wayar a hannunta.

"In ya ce waccan yake so fa? Ya ce ta fi ƙara."

Abdulrauf ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan babur. Daga zaure aka yi gyaran murya.

"Abdurra'ufu, kai ne? Shigo mana. Wayar nan taka da caji?"