Mitar da Ba Ta Wuce Goma

Alhaji Sharhabil ya yi ritaya yana mataimakin darakta, kuma har ya bar ofis ba wanda ya taɓa ce masa ya yi kuskure, don duk waɗanda suka lura suna ƙasa da shi ne. Da zaman gida ya ishe shi sai ya zama likita. Ba makaranta ya koma ba. A waya ya ga wani Bature mai gemu yana tsoma siraran sandunan azurfa biyu a ruwa, ya jona musu batir, yana rantsuwa ruwan na kashe kowace cuta. Nan da nan Alhaji ya kwashe buhunan masara daga sito ya mayar da shi ɗakin gwaji. Maƙwabtansa a Unguwar Kanawa suka fara kiransa Dokta, shi kuma bai hana ba.

Abin taƙamarsa ita ce mita. 'Yar aba ce kamar ƙaton biro, a tsoma bakinta a ruwa ta nuna lamba. Takardar da ta zo da ita ta faɗa ƙarara cewa yadda ruwa ke ɗaukar lantarki kawai take aunawa, gishiri ne a ciki ko kanwa ko azurfa, ita duk ɗaya ne a wurinta. Alhaji ya karanta wurin, ya ga bai shafe shi ba. Baturen ya ce goma ake so, mitar Alhaji kuwa goma take nunawa, rani da damina.

Akwai dalili. Mitar ta zo da 'yar kwalbar ruwan saiti, wanda ake tsoma ta a ciki, a murɗa wani ɗan noti a bayanta har lambar ta dace da wadda aka buga a jikin kwalbar. Da ruwan ya ƙare, Alhaji bai ga abin da zai sa ya nemi wani ba. Ya ɗebi haɗinsa na farko, wanda ya nuna goma, ya adana a kwalbar zuma, ya sa masa suna Asali. Duk Juma'a sai ya tsoma mitar a cikin Asali, in ta nuna sha uku ya murɗa notin ya dawo da ita goma. Murfin kwalbar ba ya kamawa, ruwan yana tsotsewa yana ƙara ƙarfi, shi kuma yana cika ta da sabon haɗi. Kowace murɗawa tana ƙara kurmantar da mitar, sai ya zama dole ya bar sandunan su daɗe a ruwa kafin ta yarda ta ce goma. Haɗin da ya fara fari tas ya koma launin shayi, daga baya ya koma launin ruwan kwata. Alhaji ya ce maganin ne ya nuna.

Bayan la'asar benci biyu ke cika a ƙofar gidansa. Tsofaffin ma'aikata ne, kowa da gorarsa ta karɓar magani a aljihun babbar riga. A da a ƙofar wani suke zama. Alhaji bai manta da wannan ba, kuma ya san benci ba shi da nauyin ɗauka.

Ran nan Malam Sambo, tsohon akawun kotu, ya zauna bai fito da gora ba.

“Dokta, uwargida ce ta tayar da magana,” in ji shi. Ya ɗaga leɓensa na sama da yatsa. Dasashinsa ya yi toka-toka, kamar wanda ya tauna gawayi ya kuskure baki.

Mutum biyu suka shiga lasar nasu dasashin a ɓoye.

Sai ga dariya daga zaure. Yusha'u ne, ƙanin Hajiya Zuwaira matar Alhaji, mai kiwon tarwaɗa a Katabu, ya kawo wa yayarsa kifi. Shi kaɗai ne a duniya al'ada ta ba shi izinin tsokanar Alhaji, kuma ba ya wasa da wannan izini.

“Yaya, ashe rini ka koma? In kawo shaddata?”

“Kai da kake kwana da kifi, me ka sani a kimiyya?”

“Ni ma ai ina da irin biron nan naka. Da shi nake duba ruwan kandami. Yana mota. A ɗauko?”

Da a ɗaka suke, da Alhaji ya kore shi. Amma idon majalisa na kansa, ga Malam Sambo har yanzu bai sauke leɓe ba.

“Ɗauko,” in ji shi.

Aka fito da Asali a kan faranti kamar za a ba baƙo zuma. Alhaji ya tsoma tasa mitar, ya zagaya da ita kowa ya gani. Goma. Yusha'u ya goge bakin tasa da gefen riga, ya tsoma. Lambar ta yi ta hawa har ta tsaya a talatin da huɗu.

“La'ilaha illallahu,” in ji wani daga ƙarshen benci.

Alhaji ya dubi kwalbar. A karon farko ya ga launinta yadda yake, ya tuna farin ruwan da ya fara zubawa a ciki, ya tuna yadda notin mitarsa kullum gefe ɗaya yake murɗuwa. Abin ya zo masa a fili, babu ko lauje, kuma da ya ƙara minti ɗaya yana kallon kwalbar da ya fahimce shi gaba ɗaya. Sai ya ɗauke kai.

“Yaushe ka sayi wannan?”

“Makon jiya.”

“Makon jiya.” Alhaji ya juya ga majalisa. “Kun ji. Tawa shekara uku tana bakin aiki, ba ta taɓa canza magana ba. Wannan ko kwalinta ba a yar ba, ta zo tana yi wa na gaba da ita gyara.”

“Yaya, na saita ta fa. Da ruwan da ya zo a liƙe daga kamfani.”

“Wa ya haɗa ruwan?”

“Ina zan sani? Can China.”

“Ka san ubansa? Ka taɓa ganin ya yi alwala? Nawa ga hannun da ya haɗa shi.” Ya ɗaga hannun. Faratansa ma sun ɗan yi duhu, amma ba a nan hankalin jama'a yake ba.

Aka fara gyaɗa kai. Mutanen nan sun daɗe suna shan wannan ruwa safe da yamma, wasu har sun aika wa surukai. In mitar mai kifi ce ke da gaskiya, to su mene ne sunansu? Wani ya ce kayan yanzu duk jabu ne. Wani ya ce dasashin Malam Sambo goro ne, tun suna sakatariya ba ya rabo da shi. Malam Sambo, wanda likita ya hana goro tun kafin ya yi ritaya, ya ce lallai akwai wannan.

“Kawo ta nan in taimake ka,” in ji Alhaji.

“A'a, Yaya, kifina...”

“Ba wa yayanka mana,” majalisa ta ce baki ɗaya. “Kyauta zai gyara maka.”

Alhaji ya zaro ɗan sukudireba daga aljihun gaba, ya gyara tabarau, ya tsoma sabuwar mitar a cikin Asali, ya shiga murɗawa. Talatin. Ashirin da biyar. Kowace lamba ta sauka sai an yi kabbara a hankali. A sha biyu notin ya ƙi gaba, ya matsa, wani abu ya yi ƙas a ciki.

“Sha biyu,” in ji Alhaji, yana miƙa masa. “Ga sabon shiga ba laifi. Ka riƙa kawo ta duk Juma'a.”

Yusha'u ya karɓa, ya jujjuya ta, ya dubi tsofaffin nan masu digiri da lambobin yabo. Ya shiga mota ko sallama da yayarsa bai yi ba.

Malam Sambo ya laluba aljihu, ashe gorar na nan.

“Dokta, ko a ƙara min yawan shan ne? Wataƙila dasashin ya washe.”

“Cokali uku maimakon biyu,” in ji Alhaji, ya cika masa ita har wuya.