Bugu na Uku

Shekara uku Auta yana buga wasan katin nan, kuma bai taɓa bugawa da kowa ba sai yayarsa. Shi mai gyaran waya ne, yana da 'yar rumfa a bakin titi, teburi ɗaya, fitila ɗaya da gilashin duba ƙananan abubuwa. Aikin ya yi masa daidai, domin waya ba ta tambayar mutum komai. Tun yana ƙarami yake da i'ina. Wasu kalmomin suna fita sumul, wasu kuwa sai su tsaya masa a maƙogwaro, su ƙi gaba su ƙi baya, musamman in idanu sun yi masa yawa.

Yaya ma'aikaciyar jinya ce, kuma ita ta shigo da wasan gidan. In ta taso daga aikin safe, sai su ture kwanuka gefe su baje katuna a teburin falo. Ba karta ba ce. Kowa da daminsa na kati arba'in da ya tara ya zaɓa da kansa, dabbobi da mayaƙa, kowanne da ƙarfinsa a rubuce a kusurwa. Ana farawa da rai ashirin ashirin, wanda nasa ya fara ƙarewa ya faɗi. Wasu katunan suna ɗauke da kalma guda da rubutu mai kauri, kalmar da ke tsaye a madadin doka sukutum.

Wadda Auta ya fi so ita ce Kwanto. Katin da ke da Kwanto ana ajiye shi a kife, abokin wasa bai san me ke ƙasa ba. In ya turo dabbarsa ta kawo hari, sai ya bugi teburi sau uku da yatsa. Kafin bugu na uku ya sauka dole ka ce "Kwanto" da bakinka, sannan ka juya katin. Nan take zai tare maharin, kuma shi zai fara sara. In bugu na uku ya riga ka, hari ya wuce kanka. In ka juya ba ka furta ba, katin ya tafi bola, wato tarin matattun katuna. An sa dokar ne saboda masu wayo da kan juya kati su karanci fuskar abokin wasa, sannan su ce ai hannu ne ya zame.

A gida Yaya ba ta bugun teburi. Gira kawai yake ɗagawa ta gane, ta ce ta ji, ya juya abinsa.

Sai ga takarda daga wurin aikinta. An mayar da ita wani asibiti mai nisan gaske, ƙarshen wata za ta tafi. Auta ya taya ta ɗaure kwalaye. Ita ce ta ɗauko zancen katuna, tana naɗe labule. Ta ce ta rubuta sunansa a wasan ranar Asabar, wanda ake yi a bayan shagon littattafan makaranta. Ya yi tsaye da igiya a hannu. Da kalmomi suka yarda suka fito, ya ce to zai cire duk katunan Kwanto daga daminsa. Ta ƙirga masa su da yatsa, goma sha ɗaya cikin arba'in, ta ce in ya cire su ƙashi ne kawai zai rage.

"Auta, in na tafi ba ka da abokin bugu, katunan nan akwati za su shiga," ta ce. "Kuma na san ka, kai ma ciki za ka bi su."

Ranar Asabar da rana suka ratsa tsakanin kantocin littattafan rubutu suka shiga ɗakin baya. Teburan roba shida, fanka tana kaɗa zafin injin kwafi, mutane kusan ashirin kowa da akwatin katinsa. Mai Shago shi ne alƙali, da gilashinsa a kan goshi. Da ya karanto wanda Auta zai kara da shi, sai ɗakin ya ɗauki dariya. Direban bas ne, ƙato mai yawan surutu, ana ce masa Ba-Birki. Wani ya ce wa Auta ya yi haƙuri, bugun mutumin nan uku kafin ka ƙifta ido ya gama su.

Ba ƙarya aka yi ba. Zagaye na huɗu Auta yana da kati a kife, direba ya turo kura. Auta ya buɗe baki, harshensa ya manne a ganɗa, yatsan direba ya sauka tas-tas-tas. Rai biyar suka tafi. Direba ya ɗago zai yi tsiya, sai ya ga leɓen Auta yana rawa har yanzu a kan kalmar da lokacinta ya wuce. Ya haɗiye tsiyar, ya gyara katunansa.

Auta ya kalli ƙofa. Yaya tana tsaye a can da jakarta a kafaɗa, ta ƙi zama. Ya lissafa taku nawa ne daga kujerarsa zuwa titi.

Wasa ya ci gaba har ya zo wuya. Auta saura rai biyar, direba saura uku. Direba ya sauke babbar giwarsa mai ƙarfi shida, ita kaɗai ta rage masa a fili. Katin Auta yana nan a kife, damisa ce, ita ma ƙarfinta shida. In ta juyu ita za ta fara sara, giwa ta faɗi, filin direba ya zama wayam. In ba ta juyu ba, shida ta fi biyar, an gama. Direba ya kwana biyu a wasan, ya san mutum ba ya riƙe kati a kife tsawon zagaye bakwai don ado.

Ya tura giwa gaba. Tas. Tas.

Auta ya ɗora hannu a bayan katin. Iska ta cika masa ƙirji ta rasa hanya. Jijiyar wuyansa ta miƙe, zufa ta gangaro ta bayan kunne. Yana jin na ukun yana zuwa kamar yadda ake jin mari kafin ya sauka.

Bai zo ba. Yatsan direba yana sama, tsawon ɗan yatsa daga teburi, ya tsaya cak. Shi kuma direban ba Auta yake kallo ba, fanka yake kallo, kamar mai nazarin ko tana bukatar mai.

Wani ma'aikacin banki da ke kallo daga teburin kusa ya tambaya ko yau Ba-Birki ya samu birki ne, ya juya ga Mai Shago ya ce wannan ai jan lokaci ne. Mai Shago ya sauko da gilashinsa ya ce doka ta ce bugu uku, bai ga inda ta ce da gudu ba. Ba wanda ya faɗa masa kalmar, irin taimakon da Auta ya fi tsana a duniya.

"K... k... kw..." Ya rufe ido, ya saki kafaɗa. "Kwanto."

Ya juya damisa. Sai a lokacin yatsan ya sauka, tas, a hankali. Direba ya ɗauki giwarsa da kansa ya jefa a bola, yana ƙorafin cewa tun safe ya san yau ba ranarsa ba ce. Zagaye ɗaya bayan nan ran direba ya ƙare, ya fita daga gasar ranar.

Auta ya tattara katunansa. Ya so ya yi godiya, ya fara, kalmar ta tsaya. Direba ya ɗaga masa hannu ya ce ya ajiye ta, ba sauri.

"Malam, shekara ashirin ina tuƙi," ya ce. "Ana ce mini Ba-Birki, amma ban taɓa jan mota da ƙafar fasinja ɗaya a ƙasa ba. Kuma kada ka ji daɗi, waccan damisar taka na gane ta. Mako mai zuwa sai na ci ubanta."

Wasa na biyu da wata mai sayar da magani ya haɗu. Ba wanda ya gaya mata komai, amma da ta kawo hari ta buga biyu ta tsaya tana gyara mayafi har kalmar ta fito. Bayan nan ta lallasa shi tas, ba tausayi, ta kuma nuna masa katuna biyu da ya kamata ya fitar daga daminsa tun tuni. Bai taɓa jin daɗin faɗuwa irin wannan ba.

Da za su fita, Mai Shago ya turo masa takardar mako mai zuwa da biro. Auta ya waiga neman Yaya. Tana can gaba tana duba farashin jakar tafiya, ta ba shi baya da gangan. Ya rubuta sunansa, ya tambayi ƙarfe nawa ake buɗewa. Tambayar ta ɗauke shi lokaci, Mai Shago ya jingina da kanta ya jira.