Irin da Ya Mutu a Rumbu

A zamanin Turawa, wata damina dawar Abdulƙadiri, wani dattijon manomi a Tursa, ba ta fito ba. Ya rantse shanun maƙwabcinsa Bube ne suka cinye tsiron, har ya zage shi gaban jama'a a kasuwar Rabah.

Maigari ya sa aka kira malamin gona daga Wurno. Malamin ya karɓi ragowar irin Abdulƙadiri ya jiƙa, ya tsaga ƙwayoyin, ya zuba su cikin wani ruwan magani marar launi. Haka ya yi wa wani iri da ya zo da shi, a wani kwano daban. Ya ce duk ƙwayar da ke da rai, idonta zai yi ja.

Aka zauna jira, har da Bube. Irin da malamin ya zo da shi ya yi jawur, na Abdulƙadiri kuwa ko ƙwaya ɗaya ba ta sauya ba.

Malamin ya ce, "Baba, iringa tun cikin rumbu ya mutu. Mi shanu za su ci?"

Bube ya ɗauki sandarsa, ya yi sallama da kowa, har da Abdulƙadiri. Har kaka ta yi, dattijon bai iya bin hanyar rugar Bube ba saboda kunya.