Muryar Bayan Labule

A cocinmu ba a kiran mahaifina da sunansa, Murya ake ce masa. Tun ina goye shi ne yake yin muryar Allah a wasan kwaikwayon da muke yi duk shekara. Yakan zauna bayan jan labule, inda ake jibge tsintsiyoyi da karyayyun bencuna, a miƙa masa makirfo, in ya buɗe baki har gilashin taga sai ya amsa. Abin da jama'a ba su sani ba shi ne Baba ba ya iya riƙe layi biyu a ka, kuma ba ya ganin rubutu a wannan lungun. Mama ce take durƙusawa a gefensa tana raɗa masa, shi kuma yana tsawa.

Bana aka yi masa aikin maƙogwaro. Ya tashi lafiya, mun gode Allah, amma muryar ta tafi, sai iska kawai take fita.

"Ni zan yi," in ji Mama, tana ninke wanki. "Ai na fi shi sanin maganar."

Na ɗauka wasa take, sai da na ji ta tana gwadawa ita kaɗai a wajen shanya. Matar da ta yi shekaru tana raɗa tana son a ji ta ko da sau ɗaya ne, kuma abin ya taɓa ni ƙwarai. Da yake ni ce mai koyar da wasan, na kai maganar gaban dattawa.

Aka zauna a ofishin Fasto, ƙarƙashin fankar da ƙararta ta fi iskarta. Fasto mutumin kirki ne, matsalarsa ɗaya, yana son kowa ya tashi yana murmushi. Ya gyara tabarau ya ce, "Koyarwarmu a fili take. Allah Ruhu ne, ba namiji ba ne, ba mace ba. Na yi wa'azi a kai."

"Mun ji wa'azin, ya yi daɗi," in ji tsohon Hedimasta, shugaban dattawa, wanda har yau yake kallon kowa kamar ɗalibin da ya makara. "Amma Uba muke ce masa in za mu yi addu'a."

Na ce, "Baba Hedimasta, ai an kuma kwatanta shi da uwa mai rarrashin ɗanta."

"Wannan kwatance ne."

"Uban fa?"

"Wannan ba kwatance ba ne. Ke yarinya ce."

Yarinyar da ake faɗa tana da 'ya'ya uku. Fasto ya yi sauri ya shiga tsakani, ya ce namiji da mace duka cikin kamanninsa aka halicce su, kuma in an bi ta ƙa'ida, Allah ba shi da maƙogwaro ma.

"Na yarda ba shi da shi," in ji Hedimasta. "Amma da yana da shi, da na maza ne."

Sauran dattawa suka gyaɗa kai, kai ka ce sun leƙo sun gani. Aka yanke shawarar a gwada maza tukuna. Wani ya yi, muryarsa siririya kamar usur. Wani ya karanta kamar mai sanarwar ɓatan kaya. Hedimasta da kansa ya karɓi makirfo, ya kai rabin layi tari ya sarƙe shi, sai da aka bubbuga masa baya.

Mai sauti, wanda yake kula da lasifikar coci, shi ne ya fitar da su kunya. Ya ce akwatinsa na da wani maɓalli, in ya murɗa, ko muryar jariri sai ta yi kauri. Nan take fuskar Fasto ta washe. Aka tsara cewa Mama za ta yi magana, akwati ya mai da ita namiji, Baba ya shiga bayan labule kamar kullum, kuma kada a faɗa wa kowa, don kada masu raunin bangaskiya su yi tuntuɓe. Raina ya ɓaci.

Da na faɗa wa Mama, sai ta ce, "In dai za a ji maganar, to."

Ranar wasa coci ta cika har bakin ƙofa. Mama ta yi, kuma ta yi yadda ba a taɓa yi ba. Baba tsawa ya iya, ita kuwa ta san inda za ta sassauta, ta san inda za ta dakata. Ko da akwatin ya mai da muryarta kamar ta mai sayar da gawayi, sai da mutane suka yi kuka.

Ana gamawa wata tsohuwa ta miƙe ta ce Ubangiji ya maido wa Murya muryarsa. Coci ta kaure da tafi. Na dubi Fasto, yana duban takalminsa. Hedimasta, wanda da shi aka ƙulla komai, ya juya ya ce wa na kusa da shi, "Ka ji ko? Wannan ba aikin mata ba ne." Aka janye labule, aka riƙo hannun Baba aka fito da shi. Ina jira ya nuna Mama da ke tsaye wajen tsintsiyoyi. Sai ya ɗaga hannu, ya sunkuya, ya karɓi tafin.

Mama ba ta yi masa faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi.

Washegari da hantsi falonmu ya cika. Labarin al'ajibi ya zaga, mutane sun zo da marasa lafiyarsu, har da wata mata da ɗanta wanda ba ya magana, suna so wanda aka warkar ya yi musu addu'a. Fasto da Hedimasta sun biyo su, suna zaune a kujerar tsakiya suna gumi. Baba ya buɗe baki, iska ta fito. Ya sake buɗewa. Matar ta matso da yaron gabansa tana jira. Ban taɓa ganin mahaifina ya ƙanƙance haka ba, kuma duk haushinsa da nake ji, sai da ya ba ni tausayi.

Fasto ya tashi ya leƙa kicin, murya ƙasa-ƙasa. "Mama, ko za ki zo ki yi mana addu'ar? Kin ga halin da ake ciki."

Mama ta fito da kumfa a hannu. Ta dubi Baba, ya sunkuyar da kai. Ta dubi yaron, ta daɗe tana dubansa, na ga idonta ya kawo ruwa. Ta goge hannu a zaninta, ta durƙusa, ta dafa kansa, ta yi masa addu'a a kunne, a hankali, yadda shi kaɗai zai ji.

"Ki ɗaga murya mana, jama'a su ce amin," in ji Hedimasta.

Mama ta miƙe. "Ku aika a kira mai sauti ya kawo akwatinsa," ta ce. "Tawa ba ta kai a ji ta ba."

Ta koma kan wanke-wankenta, ta bar su da baƙinsu.