Fijon Malam Nasidi

"Danne da kyau, Sulle! Kar ka saki!"

Sulle ya danne kan batir da hannu biyu, ya kau da fuska. Malam Nasidi ya murza makulli. Fijon ta yi tari irin na tsohon mashayin taba, ta yi shiru, ta sake tari, sai ga baƙin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Kajin Laure, matar Malam, suka watse. Inji ya kama, ya zauna daram.

"Ta tashi," in ji Malam a hankali, hawaye na bin gemunsa.

Sulle tela ne, katanga ɗaya ta raba gidajensu a Ƙaraye, don haka babu abin da bai sani ba game da motar nan. Shanun huɗa ne suka jawo ta daga Tudun Kaya, inda ta daɗe a gindin ɗorawa awaki na kwana a cikinta. Aka shigo da ita ta inda katangar gidan ta zube a wata damina. Lokacin Malam ya ajiye aikin malamin gona. Sa'o'insa suka koma majalisa suna musun siyasa, shi kuwa ya shige ƙarƙashin mota, ba ka ganin komai sai tafin ƙafarsa. Ya yi ta zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman kafireta har 'yan kasuwar suka san sunansa. Ya yi mata fenti kore shar kamar ganyen gyaɗa, ya sa baduku ya naɗe sitiyari da jar fata. Rigunan kujerun kuwa Sulle ne ya ɗinka, yana ɗinki yana tsiya.

Ba don haya yake gyara ta ba. Burinsa ɗaya ne: ya tuƙa ta da hannunsa zuwa Rogo, ya ɗauko yayarsa Turai wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ya zaunar da ita a gidan gaba.

Amma da gyara ya yi ta ja, sai ɗansa Badaru ya kafa shagon cajin waya da sayar da lemo daidai inda katangar ta zube, da bulo da siminti. Malam ya ce, "To ta ina motar za ta fita?" Badaru ya yi dariya ya ce, "Baba, ranar da wannan akwalar ta tashi, ni da hannuna zan fasa bangon." Kowa ya dara, har Sulle.

To ga shi ta tashi. Badaru ya leƙo, ya ce masha Allah, ya ce a bari sallah ta wuce, yanzu ne lokacin ciniki. Sallah ta wuce, ya ce damina ce, ba a fasa gini. Da kaka ta kama ya ce magini ya yi tafiya.

Malam bai yi faɗa ba. Kullum da hantsi sai ya sa hula, ya shiga motar, ya tayar, ya sa giya. Ta gangara gaba har hancinta ya kusa taɓa bayan shago, ya taka birki, ya dawo da baya har gindin rumbu. Iyakar tafiyar ke nan, ba ta fi tsawon tabarma biyu ba. Sulle yana jin ƙarar daga kan keken ɗinkinsa, abin yana ci masa rai.

Ran nan ya kasa daurewa, ya tsaya a bakin shago.

"Badaru, alkawari fa kaya ne. Ba ka ga yadda tsohon nan ke ramewa ba?"

"Wallahi Baba Sulle ina sane. Amma shago ba abin wasa ba ne. Da shi ake cefanen gidan."

"Ita motar abin wasa ce ke nan?"

Badaru ya sunkuyar da kai yana latsa waya, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba."

Da Sulle ya kai ƙara, Malam cewa ya yi, "Ƙyale yaro. Mai haƙuri shi kan dafa dutse."

"Ya sha romonsa in yana da sauran kwana," in ji Sulle. Yana faɗa ya yi da-na-sani, don Malam murmushi kawai ya yi, ya shafa ƙirjinsa.

Ciwon ƙirjin ya kwantar da shi ana cire gyaɗa. A babur aka kai shi asibiti, an sa shi a tsakiya, ƙafafunsa na reto, motarsa na tsaye a gida tanki cike da mai. Da aka dawo da shi ya miƙa wa Sulle makulli.

"Ka riƙa tayar min da ita. Inji in ya zauna, lalacewa yake."

Sulle bai iya tuƙi ba. Murzawa kawai yake, ya bar ta tana kuka, Laure ta ɗage labulen ɗaki don mai gidan ya ji. Ran Talata da hantsi yana cikin motar ya ji salatin Laure. Ya daɗe kafin ya tuna ya kashe injin.

Turai ta zo ta'aziyya a bayan ɗan acaɓa, an ɗaura ta da gyale a jikin mai babur don kada ta faɗi.

Washegarin sadakar bakwai Sulle ya ji dukan guduma. Ya fito ba ko takalmi. Leburori ne ke fasa shagon, Badaru na nuna musu inda za su sara. Ga wani ɗan birni da baƙin tabarau, wai daga Kano, mai sha'awar tsofaffin motoci. A waya ya ga hoton Fijon, ya zo saye.

"Baba Sulle, ina kwana? Makullin nan za ka taimaka mana da shi," in ji Badaru.

"Magini ya dawo ke nan?"

"Ai bulo ne, Baba. Kafin jibi an mayar."

Sulle ya zaro makullin daga aljihu, ya ajiye a kan bulon da aka tsame, don ya ƙi jinin hannunsa ya taɓa na yaron. Murza ɗaya motar ta tashi. Baƙon ya ce lallai wanda ya yi aikin nan ya san hannunsa. Ta bi ta kan ɓaraguzai ta hau titi, tana sheƙi. Turai na zaune a bakin zaure, ta kare rana da tafin hannu.

"Motar waye wannan mai kyau haka?" ta tambaya.



Sulle ya shiga ta inda aka fasa. Tsakar gidan ta yi faɗi. A ƙasa ga sawun taya guda biyu, gajeru, sun yi zurfi kamar kwarin kunyar gona, daga gindin rumbu zuwa inda bangon yake a da. Wata kaza ta kwanta a cikin ɗaya tana birgima.